Labarin Zuciya a Tambayi Fuska: Nazarin Yadda Garkuwar Jikin Ɗan'adam ke Gane Ƙwayoyin da Bairos ya Kama

Tsakure

Bairos ba ya hayayyafa sai a cikin ƙwayar jiki mai rai, kuma da zarar ya shige ciki ya ɓace wa sinadaran kariya masu yawo a jini. Saboda haka dole garkuwar jiki ta sami hanyar rarrabe ƙwayar da ta kamu da maƙwabciyarta mai lafiya, alhali a zahiri kamanninsu ɗaya. Wannan takarda ta bi diddigin amsar da binciken kimiyya ya samar tun daga shekarar 1957. Ta nuna cewa ganewar ta rataya ne a kan wata shaida da ƙwayoyin jiki ke ɗauke da ita a fuskarsu: ƙwayoyin T suna neman baƙon abu a cikin shaidar, ƙwayoyin NK kuwa suna neman wadda ta ɓoye shaidar baki ɗaya. Takardar ta kuma dubi tasirin wannan tsari a cututtuka uku, wato ƙyanda da ciwon hanta nau'in B da zazzaɓin Lassa, tare da gabatar da wasu kalmomin fannu da za su sauƙaƙa bayanin batun cikin Hausa.

Muhimman Kalmomi: garkuwar jiki, bairos, faifan shaida, ƙwayoyin T, ƙwayoyin NK

1.0 Gabatarwa

An ƙiyasta cewa jikin baligi ya ƙunshi ƙwayoyi kimanin tiriliyan 30. Kowace ƙwaya tana kewaye da tantani wanda ya raba cikinta da wajenta, kuma abin da ke gudana a bayan tantanin nan ba ya ganuwa daga waje. Wannan tsari ne bairos ke cin moriyarsa. Ba shi da kayan aikin da zai ƙera furotin da kansa, don haka yakan kutsa cikin ƙwayar jiki, ya saki sinadarin gadonsa, ya sa kayan aikin ƙwayar su koma ƙera masa 'ya'ya. Hausawa kan ce da ɗan gari akan ci gari, kuma haka lamarin yake a nan.

Sinadaran kariya da ke cikin jini, waɗanda ake kira antibodi, suna iya kama bairos a lokacin da yake waje, ko dai kafin ya shiga ƙwaya ko kuma yayin da yake ƙaura daga wata zuwa wata. Amma ba su da ikon bin sa ciki. Muddin ƙwayar da ta kamu tana raye, za ta ci gaba da fitar da sababbin bairos. Mafita ita ce a kashe ƙwayar, duk da kasancewarta 'yar gida. Sai dai kisa irin wannan yana da haɗari ta fuska biyu. Idan aka yi sakaci, cuta ta mamaye jiki. Idan kuma aka wuce gona da iri, garkuwa ta lalata hanta ko huhu ko ƙwaƙwalwar da take karewa. Don haka komai ya rataya ne a kan ingancin ganewa, kuma shi ne abin da wannan takarda ta mayar da hankali a kai.

2.0 Kalmomin Fannu

Kalmar "ƙwaya" tana ɗauke da nauyi mai yawa a Hausa. Ana cewa ƙwayar hatsi, da ƙwayar magani, da ƙwayar ido, da ƙwayar halitta, da ƙwayar cuta. Ita kanta "ƙwayar cuta" ta haɗa abubuwa mabambanta: bakteriya, da bairos, da halittar da ke haddasa zazzaɓin cizon sauro. Wannan cakuɗuwa tana da illa a aikace, domin maganin da ke kashe bakteriya ba ya taɓa bairos, kuma wanda bai san bambancin ba zai iya shan sa saboda mura a banza. Don guje wa ruɗani, takardar ta yi amfani da kalmomi kamar haka.

"Ƙwayar jiki", ko "ƙwaya" kawai, ita ce mafi ƙanƙantar ɓangare mai rai da aka gina jiki da shi. "Bairos" shi ne baƙon da ke shiga cikinta. "Sinadarin gado" shi ne DNA ko RNA, inda aka taskace umarnin ƙera furotin. "Furotin" doguwar sarƙa ce ta ƙananan tubala da ake kira amino asid, waɗanda iri 20 ne, sa'annan "guntun furotin" yanki ne gajere na wannan sarƙa. "Makarɓi" furotin ne da ke fuskar ƙwaya, wanda ke kama wani takamaiman abu ya isar da saƙo zuwa ciki. Daga ƙarshe akwai furotin ɗin da masana ke kira MHC rukuni na ɗaya, wanda a jikin ɗan'adam ake kira HLA. Takardar ta kira shi "faifan shaida", bisa la'akari da maganar nan ta baje abu a faifai, domin aikinsa ke nan: baje abin da ke cikin ƙwaya a fili.

3.0 Kururuwar Farko daga Cikin Ƙwaya

Wadda ta fara sanin shigowar bairos ita ce ƙwayar da ta kamu. A shekarar 1957, Alick Isaacs da Jean Lindenmann, suna aiki a Landan, sun lura cewa ƙwayoyin da aka haɗa da bairos na mura suna fitar da wani sinadari da ke hana wani bairos ɗin hayayyafa a cikin wasu ƙwayoyin. Suka sa masa suna intaferon. An ɗauki shekaru masu yawa kafin a gano abin da ke sa ƙwaya ta fitar da shi.

Amsar ita ce akwai masu tsaro a cikin ƙwayar, waɗanda ke lura da sinadarin gado ta fuska biyu: sifarsa da wurin da aka same shi. A shekarar 2004, ayarin Takashi Fujita a Japan ya bayyana aikin furotin RIG-I, wanda ke gane RNA mai sifar da ba ta ƙwayar jiki ba, kamar mai igiya biyu da bairos da yawa ke samarwa yayin hayayyafa. A shekarar 2013 kuma, ayarin Zhijian Chen a Amurka ya bayyana furotin cGAS, wanda ke gane DNA idan ya same shi a cikin ruwan ƙwaya, alhali mazauninsa na asali shi ne cibiyarta. Da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya kama abin da yake nema, sai ƙwayar ta saki intaferon.

Intaferon yana yin ayyuka uku masu muhimmanci. Yana sa ƙwayoyin da ke maƙwabtaka su shirya kariya tun kafin bairos ya iso. Yana zaburar da ƙwayoyin NK. Yana kuma ƙara yawan faifan shaida a fuskar ƙwayoyi. Amma intaferon kururuwa ce kawai: tana sanar da cewa an yi kutse a unguwa, ba ta nuna gidan da ɓarawo yake. Nuna gidan aikin faifan shaida ne.

4.0 Faifan Shaida

4.1 Gwajin Kanbera

An fara sanin MHC ne ta hanyar dashen gaɓoɓi, domin shi ne babban dalilin da ke sa jiki ya ƙi karɓar fata ko ƙodar wani. Jean Dausset na ƙasar Faransa ya bayyana nau'in farko a jikin ɗan'adam a shekarar 1958. To amma dashen ƙoda ba abu ne da ke faruwa a rayuwar yau da kullum ba, don haka tambaya ta ci gaba da kasancewa: mene ne ainihin aikin wannan furotin?

Amsar ta fito ne daga birnin Kanbera na ƙasar Ostireliya, inda Rolf Zinkernagel da Peter Doherty suka yi aiki tare tsakanin 1973 da 1974. Sun sa wa ɓeraye wani bairos mai suna LCMV, suka ɗebo ƙwayoyin T daga jikinsu, suka haɗa su da ƙwayoyin da wannan bairos ya kama. Sai suka ga abin mamaki. Ƙwayoyin T sun kashe ƙwayoyin da suka kamu ne kawai idan nau'in MHC ɗinsu ya zo ɗaya. Idan ƙwayar ta fito daga dangin ɓeraye mai wani nau'in MHC dabam, sai su wuce ta, ko da kuwa tana maƙare da bairos ɗin. Ma'anar wannan ita ce ƙwayar T tana neman abu biyu a haɗe: alamar gida da alamar baƙo. Sun wallafa sakamakon a shekarar 1974, kuma ya jawo musu lambar yabo ta Nobel a 1996.

Bincike biyu ne suka fayyace yadda abubuwan biyu ke haɗuwa. A shekarar 1986, Alain Townsend na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa sun nuna cewa ƙwayoyin T suna gane gajerun guntayen wani furotin da ke can cikin jikin bairos na mura, wanda ba ya ma bayyana a fuskar ƙwaya a cikakkiyar sifarsa. A 1987 kuma, Pamela Bjorkman da Don Wiley da Jack Strominger na Jami'ar Harvard suka fito da sifar HLA-A2, aka ga cewa a samansa akwai wani kwari mai bango biyu, kuma a cikin kwarin akwai wani abu a kwance. Wannan abu guntun furotin ne.

4.2 Tafiyar Guntu daga Ciki zuwa Fuska

Kowace ƙwaya tana ƙera furotin tana kuma rusa shi ba dare ba rana. Wanda ya tsufa ko ya fito a gurguje ana tura shi cikin wani inji mai siffar ganga da ake kira furotiyasom, inda ake daddatsa shi. Mafi yawan guntayen ana sake narkar da su, amma wasu kaɗan wani famfo mai suna TAP yakan tura su cikin sashen da ake harhaɗa sababbin faifai. A nan ake gwada guntu da kwarin faifai. Guntun da ya dace, wanda yawanci tsawonsa amino asid 8 zuwa 10 ne, sai ya zauna daram, faifan ya ɗauke shi zuwa fuskar ƙwaya. Faifan da bai sami guntu ba ba ya da ƙwari, kuma ba ya daɗewa.

Abin lura a nan shi ne wannan tsari ba ya rarrabe na gida da baƙo. Yana ɗibar samfuri ne daga duk abin da ake ƙerawa. A ƙwaya mai lafiya, guntayen duk na gida ne. Idan bairos ya shiga, tilas ne ya yi amfani da kayan aikin ƙwayar wajen ƙera furotin ɗinsa, saboda haka tilas ne wasu guntayensa su bi wannan hanya su fito fili. Buƙatarsa ta hayayyafa ita ce ke tona masa asiri. Kusan duk ƙwayoyin jiki masu cibiya suna ɗauke da faifan shaida. Jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ba su da cibiya kuma ba sa ƙera furotin bayan sun balaga, su ne fitattun waɗanda suka fita daga wannan ƙa'ida.

4.3 Bambancin Faifai Tsakanin Mutane

Umarnin ƙera faifan shaida yana kan kuromosom na 6, kuma manyan nau'o'insa uku ne: HLA-A da HLA-B da HLA-C. Tunda mutum yana gadon kowanne daga uwa da uba, zai iya mallakar faifai har iri shida. A tsakanin al'ummar duniya kuwa, an rubuta nau'o'i fiye da 20,000, kuma babu wani sashe na gadon ɗan'adam da ya kai wannan yawan bambanci. Mafi yawan bambancin yana cikin kwarin nan ne, don haka kowane nau'i yana da irin guntayen da yake iya riƙewa.

Sakamakon haka, mutum biyu da bairos ɗaya ya kama za su baje guntaye mabambanta. Masu ɗauke da HLA-B57 ko HLA-B27, alal misali, an lura cewa HIV yakan yi jinkirin kai su ga ciwon ƙanjamau, domin faifansu yana baje guntayen wani ɓangare na bairos ɗin wanda sauya shi ke raunana bairos ɗin kansa. Wannan bambanci kariya ce ga al'umma baki ɗaya, domin da wuya bairos ɗaya ya sami hanyar kauce wa dukkan faifan mutane.

5.0 Ƙwayoyin T: Masu Karanta Shaida

5.1 Horo

Masu duba faifan shaida su ne ƙwayoyin T masu ɗauke da alamar CD8, ɗaya daga cikin rukunan fararen ƙwayoyin jini. Asalinsu daga ɓargo ne, amma suna balaga a cikin taimos, wata gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, wadda Jacques Miller ya gano aikinta a shekarar 1961. Kowace ƙwayar T tana ƙera makarɓinta ta hanyar yanka da haɗa sassan sinadarin gado ba tare da wani tsari ba, ta yadda kowace ke fitowa da makarɓi na dabam. An gano umarnin gadon wannan makarɓi a shekarar 1984, ta hannun ayarin Tak Mak a Kanada da na Mark Davis a Amurka.

Makarɓin da aka ƙera da ka zai iya zama marar amfani, zai kuma iya zama mai haɗari. Don haka a cikin taimos ake yi musu jarrabawa biyu. Ta farko: ko ƙwayar tana iya kama faifan gida ko da sama-sama? Wadda ta kasa, mutuwa za ta yi. Ta biyu: ko tana kama faifan gida mai ɗauke da guntun gida da ƙarfi fiye da kima? Ita ma wannan ana kawar da ita, domin za ta juya wa jiki. Fiye da kashi 90 cikin 100 ba sa fita daga taimos da rai. Waɗanda suka tsira su ne masu sanin faifan gida amma ba sa harzuƙa sai sun ga baƙon guntu a kansa. Wannan ne bayanin abin da Zinkernagel da Doherty suka gani.

5.2 Izini

Ko bayan horo, ba a barin sabuwar ƙwayar T ta yi kisa da ganin farko. Sai ta sami izini daga wata ƙwaya mai rassa da ake kira dendiritik, wadda Ralph Steinman da Zanvil Cohn suka bayyana a shekarar 1973. Waɗannan ƙwayoyi suna zaune a fata da hanyoyin numfashi da hanji. Idan cuta ta shigo, sukan kwashi ɓurɓushin bairos da na matattun ƙwayoyi su nufi kaluluwa mafi kusa, inda ƙwayoyin T ke kai-komo. A nan suke baje guntayen, tare da wata alama ta biyu da ke tabbatar da cewa haɗarin na gaske ne. Ƙwayar T da ta ga guntu ba tare da alama ta biyu ba takan yi sanyi maimakon ta tashi.

Kafin kamuwa, ƙwayoyin T da suka dace da wani takamaiman guntu ƙalilan ne ƙwarai, ƙila ɗaya a cikin dubu ɗari ko fiye. Da zarar an tashe su sai su shiga rarrabuwa cikin sauri, su ninka kansu sau dubbai a cikin mako guda. Kumburin kaluluwa da ake ji a wuya ko hammata ko matsematsi lokacin rashin lafiya alama ce ta wannan taruwa da hayayyafa.

5.3 Kisa

Ƙwayar T da ta sami izini takan bi jini zuwa wurin da cuta take, tana shafa fuskar ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya. A cikin dubban faifan da ke fuskar ƙwaya, ƙasa da goma masu ɗauke da baƙon guntu sun isa su tsayar da ita. Sai ta manne wa ƙwayar sosai, ta zuba mata sinadarai biyu a daidai wurin mannewar: fafforin, mai huda tantani, da giranzayim, mai shiga ta hudar ya kunna tsarin mutuwar da kowace ƙwaya ke ɗauke da shi. Ƙwayar takan tsuke ta daddatsa sinadarin gadonta, a kwashe gawar ba tare da ta fashe ba. Maƙwabtanta masu lafiya ba a taɓa su. Bayan an gama yaƙin, mafi yawan ƙwayoyin T suna mutuwa, amma wasu kaɗan suna saura shekaru a matsayin masu tuni.

6.0 Dabarun Bairos na Ɓoye Shaida

Tunda faifai ne ke tona asiri, bairos da dama sun samo hanyoyin lalata shi, musamman waɗanda ke zama a jiki har ƙarshen rayuwa. Bairos na hafis, mai haddasa ƙurajen baki, yana ƙera furotin ICP47 wanda ke toshe famfon TAP, ta yadda guntaye ba za su isa ga faifai ba. Ɗan'uwansa CMV ya fi shi kayan aiki: furotin US6 yana toshe famfon, US3 yana tsare faifai a ciki, US2 da US11 kuwa suna mayar da sabon faifai zuwa injin daddatsawa. Adinobairos yana da furotin da ke riƙe faifai ya hana shi fita. HIV yana amfani da furotin Nef wajen janye faifai daga fuskar ƙwaya. Yawan waɗannan dabaru, waɗanda suka samo asali daga dangogin bairos mabambanta, hujja ce ta irin matsin da ƙwayoyin T ke yi musu.

Da a ce ƙwayoyin T kaɗai ne ke sintiri, da wannan dabara ta wadatar, domin ƙwayar da ba ta da faifai ba ta da abin da za a karanta.

7.0 Ƙwayoyin NK: Masu Neman Rashin Shaida

A shekarar 1975, Rolf Kiessling da Eva Klein da Hans Wigzell a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin, da kuma Ronald Herberman a Amurka, sun bayyana wasu fararen ƙwayoyin jini masu kashe ƙwayoyin sankara ba tare da sun taɓa haɗuwa da su ba. Aka kira su NK, wato masu kisa bisa ɗabi'a. Ba sa buƙatar mako guda na shiri, suna fara aiki tun kwanakin farko na kamuwa. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne yadda suke zaɓen wadda za su kashe.

Klas Kärre, shi ma a Karolinska, ya juya tambayar. Maimakon neman abin da ƙwayoyin da ake kashewa suke da shi, sai ya nemi abin da suka rasa. Ya gabatar da ra'ayinsa a kundin digirinsa na uku a 1981, sa'annan a 1986 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayoyin sankarar ɓera da suka rasa faifan shaida NK na kawar da su, alhali 'yan'uwansu masu faifai suna tsira. Daga baya aka gano makarɓan da ke yin wannan aiki a jikin ɗan'adam, irin su KIR da NKG2A. Idan suka taɓa faifan gida, sukan aika saƙon dakatarwa zuwa cikin ƙwayar NK. Idan faifan ya ɓace, takunkumin ya sauka.

Rashin faifai shi kaɗai bai isa hukunci ba, in ba haka ba da jajayen ƙwayoyin jini sun halaka. Ƙwayar NK tana da wasu makarɓan masu zuga ta. Ɗaya daga ciki shi ne NKG2D, wanda ke gane furotin irin su MICA da MICB, waɗanda ƙwaya ke fitarwa a fuskarta idan tana cikin ƙunci saboda cuta. Wani kuma shi ne CD16, wanda ke kama wutsiyar antibodi da ya manne wa furotin ɗin bairos a fuskar ƙwaya. Hukuncin yana fitowa ne daga auna saƙonnin biyu: idan na zuga ya rinjayi na dakatarwa, sai kisa, kuma da makamai iri ɗaya da na ƙwayoyin T.

Ta haka bairos ya shiga halin gaba kura baya siyaki. In ya bar faifai, ƙwayar T ta karanta guntunsa. In ya cire faifai, ƙwayar NK ta lura da rashinsa. Waɗanda suka daɗe tare da ɗan'adam sun nemi hanyar tsakiya. Furotin Nef na HIV yana janye HLA-A da HLA-B, waɗanda ƙwayoyin T suka fi dogara da su, amma ya bar HLA-C da HLA-E, waɗanda ke kwantar da NK. CMV kuwa yana ƙera faifan bogi mai suna UL18 ya ɗora a fuskar ƙwaya. Muhimmancin NK ya bayyana a fili a wani rahoton asibiti na shekarar 1989 daga Amurka, game da wata yarinya da ba ta da waɗannan ƙwayoyi, wadda ta yi ta fama da munanan cututtukan dangin hafis ɗaya bayan ɗaya.

8.0 Tasirin Tsarin a Wasu Cututtuka

Ƙyanda, wadda ake kuma kira baƙon dauro, tana nuna matsayin ƙwayoyin T ƙarara. Yaran da aka haifa ba sa iya ƙera antibodi suna warkewa daga ƙyanda kamar sauran yara, amma waɗanda ƙwayoyin T ɗinsu ke da rauni sukan kamu da mummunan ciwon huhu, wani lokaci ba tare da ƙuraje sun fito ba. Dalili shi ne ƙurajen kansu alama ce ta isowar ƙwayoyin T fata domin kawar da ƙwayoyin da suka kamu.

Ciwon hanta nau'in B yana nuna ɗaya gefen, wato farashin da ake biya. Bairos ɗin ba ya kashe ƙwayoyin hanta kai tsaye. Mafi yawan ɓarnar tana zuwa ne daga garkuwar jiki yayin da take kashe ƙwayoyin da suka kamu. A jikin baligi, martanin yakan yi ƙarfi, a yi rashin lafiya da shawara, amma fiye da kashi 90 cikin 100 suna kawar da bairos ɗin. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa kuwa, garkuwarsa ba ta tashi yadda ya kamata, don haka kimanin kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan jarirai suna zama da bairos ɗin, a yi ta yaƙin da ba ya ƙarewa har hanta ta ƙandare ko ta kamu da sankara. Wannan ne dalilin da ya sa ake so a yi wa jariri allurar rigakafin cutar cikin awa 24 da haihuwa.

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a shekarar 1969 aka kuma sa masa sunan garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, yana da alaƙa ta kusa da tarihin wannan fage, domin bairos ɗinsa dangi ɗaya ne da LCMV da aka yi gwajin Kanbera da shi. A jikin waɗanda suka tsira daga Lassa, antibodi mai kashe kaifin bairos yakan bayyana a makare, sau da yawa bayan an riga an warke, kuma bincike ya danganta tsira da tashin ƙwayoyin T da wuri. Don haka masu neman rigakafin wannan cuta suna auna martanin ƙwayoyin T tare da na antibodi.

9.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa gane ƙwayar da bairos ya kama aiki ne mai matakai. Ƙwayar ce ke fara jin baƙon sinadarin gado ta yi kururuwa da intaferon. Sa'annan faifan shaida ya baje guntayen abin da ake ƙerawa a ciki, ƙwayoyin T da aka horar a taimos aka kuma ba su izini a kaluluwa su karanta. Inda bairos ya ɓoye faifan, ƙwayoyin NK su ɗauki rashinsa, tare da alamun ƙunci, a matsayin hujja. Duka hanyoyin biyu sun dogara ne ga sanin kamannin ƙwaya mai lafiya, domin da shi ake auna abin da ya ƙaru da abin da ya ragu.

Ta fuskar harshe, bayanin ya nuna cewa Hausa tana da kalmomin da za su ɗauki wannan ilimi, irin su ɓargo da kaluluwa da tantani da faifai, inda kuma aka rasa ana iya aro ko ƙirƙira. Babban aikin da ya rage shi ne daidaita kalmomin da ke rarrabe ƙwayar jiki da bairos da bakteriya, kuma aiki ne da ke buƙatar masana harshe da masana lafiya su zauna tare, domin da waɗannan kalmomi ne ma'aikacin asibiti zai bayyana wa uwa dalilin yi wa jaririnta allura a ranar da aka haife shi.